Tambaya da Amsa: Yarona ya tasa ni gaba sai mun ɗauko kare, ni kuma aiki ya min yawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni nas ce a Manchester, ina dutin awa 12 sau uku a sati wani lokacin har da na dare, maigidana kuma yana fita tun bakwai na safe sai shida na yamma. Yaronmu ɗaya ne, shekararsa 8, tunda ya je gidan wani abokinsa na makaranta ya ga karensu shikenan ya hana mu sakat, kullum Mama kare Mama kare, har ya nemo min hoton wasu karnuka a intanet na gidan da ake ajiye karnukan da aka tsinta ko masu su suka kasa riƙewa, wai mu ɗauko ɗaya ai taimako ne. Gaskiya yaron yana ban tausayi don kaɗaici yana damunsa, ba ƙani ba wa. To amma mu a fulat muke na haya, ga kuma maganar addini, Hajiyarmu a Kano da ta ji labari a waya sai da ta yi salati. Ya zan yi?

Daga wata uwa a Manchester, Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaro ya ba shi ƙanne. Ni dai tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki na riga na tsaya a wuri ɗaya, wajen awa 12 ɗin nan da bakwai zuwa shida. Nan maganar take. Ki ɗauki biro ki zana satinku, Litinin zuwa Lahadi, ki duba ranakun da kike duti wa ke gida tsakanin tara na safe da uku na rana. In amsar babu kowa ce, toh karen da za ki ɗauko zai wuni shi kaɗai a kulle awa shida ko fiye, su kuma manyan ƙungiyoyin kula da dabbobi na can irin su RSPCA da Dogs Trust shawarar da suke bayarwa ita ce kar a saba barin kare shi kaɗai ya wuce awa 4. Kuma wannan ma karen da ya riga ya saba da gida kenan. Wanda aka ɗauko daga gidan ajiya an riga an taɓa rabuwa da shi sau ɗaya ko sau biyu, da yawansu da zarar sun ji an rufe ƙofa an juya makulli sai su rikice, haushi, kuka, yakushin ƙofa, fitsari a kafet, ya yayyage miki kujera, ba wai mugunta ba ce tsoro ne kawai. A fulat kuma maƙwabcin sama da na ƙasa duk suna ji, kafin ki dawo daga asibiti an riga an kai ƙararki wajen mai gidan.

Tunda na ambaci mai gida, ki ɗauko takardar hayarku ki karanta tun yau, da yawa akwai layin da ya yi magana kan dabbobi, kuma gidajen ajiyar ma sukan nemi shaidar cewa mai gida ya yarda.

Don kar ki ɗauka kamar kasuwa ne ki je ki nuna ki biya ki taho da shi. Wuraren nan tsofaffi ne sun ga jiya sun ga yau, Battersea da ke Landan tun 1860 take, Dogs Trust tun 1891, sun ga karnuka da yawa da aka ɗauka da murna aka dawo da su bayan wata biyu. Za ki cike fom, su tambaye ki awa nawa gidan ke zama ba kowa, akwai fili a baya ko babu, shekarun yaro nawa, wasu ma sai sun ga gidan ko a bidiyo. Kuma kowane kare akwai bayaninsa, wani za a rubuta yana iya zama da yara ƙanana, wani sai 'yan sakandare, wani manya kawai. Abin da nake roƙonki shi ne kar ki rage awa a fom don a ba ki. Mu mun iya wannan, a tambaye mu mu ce ai ba matsala kullum akwai mutum a gida. In kin ɓoye musu ke za ki kwana da abin, su suna gidansu. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, ni ban yarda da wannan a kan kare ba, akwai karnukan gidan ajiya masu hankali da ladabi fiye da waɗanda ake saya da tsada a intanet, amma sai an haɗa kowanne da gidan da ya dace da shi, kuma masu haɗawar da abin da kika faɗa musu suke aiki.

Sai maganar yaro. Na san ya yi alkawari, shi zai ba shi abinci, shi zai fita da shi, shi zai kwashe kashi. Duk yaran duniya haka suke faɗa. Ɗan shekara 8 ba zai fita da kare shi kaɗai ƙarfe shida na safe a watan Janairu ba, duhu, ruwa, sanyi mai shiga ƙashi, ke ce za ki fita bayan kin sauko daga dutin dare idonki kamar an zuba barkono. A doka ma haka ne, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ce in yaro bai kai 16 ba to nauyin dabbar yana wuyan babban da ke kula da shi. Kare kuma yana kai shekara 10 zuwa 13, ƙanana ma su wuce haka, kinga ko da mai shekara uku kika ɗauko, yaronki zai iya tafiya jami'a ya bar miki shi. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki da maigida, ku ɗin kuna son kare? In shi maigidan ƙyamarsa yake ji a ransa yana dai yin shiru ne don yaro, a bar maganar.

Kuɗi zan taɓa a gurguje don kin fi ni sanin tsadar garinku. Abin da za ki biya ranar ɗauka shi ne mafi sauƙi, don galibi sun riga sun yi masa rigakafi, sun dandaƙe shi, sun sa masa ɗan guntun na'urar nan ta ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa, wadda ta zama dole a Ingila tun Afrilun 2016. Sai dai ki tabbatar an maida bayanan da sunanki da adireshinki. Bayan nan ne lissafi ke farawa, abinci, maganin ƙuma da tsutsar ciki, inshora duk wata don dabba ba ta da NHS, wato asibitin gwamnati na kyauta, mai zuwa ya zagaya da shi ranakun dutinki, ga kuma ranar da za ku taho gida hutun Sallah ko biki sati uku, sai kin biya inda zai zauna kowane dare. Kuma ki yi nesa da karen da wani zai ce zai ba ki kyauta a Facebook. Tun 1 ga Fabrairun 2024 laifi ne riƙe irin da ake kira XL Bully a Ingila da Wales ba tare da takardar izini ba, ba da shi kyauta ma an hana, kar tausayi ya kai ki kotu.

Maganar Hajiya kuwa, ba salatin banza ta yi ba. Ni ba malama ba ce amma abin da kowa ya sani ne, hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum, akwai kuma na cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida a cikin abin da aka yarda. A ɗaya gefen, mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, saɓanin Shafi'iyya, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi shi ma yana nan. Tausayin kare ba a yi musu a kansa ba, zama da shi a ɗaki ne ake magana. A gida Kano kare yana tsakar gida ko zaure ko bakin get, ke kuma a fulat inda kike shimfiɗa darduma nan zai bi ya wuce. Ki samu malamin da kika yarda da shi a masallacinku ki faɗa masa yadda gidan yake ƙarara, kar ki je neman wanda zai faɗa miki abin da kike son ji.

In da ni ce ke, bana ba zan ɗauko ba. Zan nemi hanyar da yaron zai samu kare ba tare da kare ya tare a gidan ba. Akwai tsofaffi a unguwanninku da ƙafa ta gaza, karensu na buƙatar mai zagayawa da shi, ƙungiyar Cinnamon Trust aikinta kenan haɗa su da masu sa kai, ke ki yi rajista. Ko ku nemi izinin iyayen abokin nasa ku riƙa fita da nasu duk Asabar. Ku yi haka tun daga Nuwamba har Maris, ranar ruwa ma a fita, shi zai riƙe ledar kashi. In har ya kai bazara bai gaji ba, kuma kun koma gida mai fili ko an canza miki duti, sai a sake zama. Kuma kaɗaicin da kika ce, ki duba shi daban, wani lokacin ƙwallo ko islamiyyar ƙarshen mako inda zai haɗu da sa'o'insa ta fi kare magani.

In kuma kun riga kun yanke sai an ɗauko, toh ki nemi babba wanda aka san ya taɓa zama da yara, ba kwikwiyo ba, kwikwiyo jariri ne sai an tashi masa cikin dare. Ki ɗauki hutu sati biyun farko, ki fara barinsa minti biyar, goma, rabin awa a hankali. Ki koya wa yaro abu uku, ba a taɓa kare yana cin abinci, ba a taɓa shi yana barci, ba a rungumarsa a wuya. Ki zauna da shi ku kalli karen tare, in ya ga yana lasar baki ba abinci a kusa, yana hamma, yana kau da kai, farin idonsa ya fito, jikinsa ya sandare, to cewa yake a ba ni wuri. In ya yi gurnani kar a doke shi, gargaɗi ne, karen da aka hana gurnani shi ne ke cizo ba sallama. Kar a bar su su biyu a ɗaki ko da za ki shiga wanka ne. Sannan ragowar miyarmu ba tasa ba ce, albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, cakulan da inabi da zabibi guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa a cikinsa.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. 'Yata mai shekara 6 ta tsinto kwikwiyo a bakin kwata ta kawo gida, ta ce ba za a yar ba. Ni da mamanta duk ma'aikata ne sai yamma muke dawowa, amma muna da fili da maigadi. Mu bar shi?

Daga wani uba a Kaduna

AMSA

Malam naka ya fi sauƙi ta wani gefen, fili akwai, mutum akwai, gadi kuma hujja ce. Amma naka ne ya fi ban tsoro, don Ingila ba ta da ciwon haukan kare a karnukanta, mu kuwa muna da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da 15, kuma in alamunsa suka bayyana a mutum kusan ba a tashi. Kwikwiyo ma yana ɗauke da shi, ba sai babban kare mai dalalar da yawu ba.

Yau ɗin nan ka kira yarinyar a hankali ba da faɗa ba, ka tambaye ta ko ya taɓa cizonta ko ya yakushe ta ko ya lashi wani ciwo a jikinta, ka duba hannu da ƙafa da kanka don yara suna ɓoyewa kar a kore musu kare. In akwai ko ɗan ƙarzane ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti a fara allura, ba toka ba barkono ba jira. Shi kuma kwikwiyon a killace shi inda ba ta kai wa, a kai shi asibitin dabbobi na gwamnati su duba shi su ba shi maganin tsutsa da na kaska, su faɗa maka ranar allurai, ta haukan kare ana yi ne in ya kai wata uku sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato ma tana sarrafa allurar. Ka karɓi kati ka ajiye.

Sai ka zauna da maigadin ka tambaye shi tsakani da Allah ko zai iya, don wasu ba sa son ko ganin kare, za su ce to don kar su ɓata maka, kana fita a ɗaure shi a rana ba ruwa. In ya yarda ka ɗan ƙara masa wani abu a albashi, a yi wa karen rumfa mai inuwa, kwanon ruwansa daban, kuma sai likita ya ce lafiya lau sannan yarinya ta koma wasa da shi, a gaban babba.