Me ya sa cikin gadar ƙarfe yake zama fanko?

Tambaya: Ni mai walda ne a Agege. Na ga hoton wata gada ana haɗa ta, ƙarƙashinta dogon akwatin ƙarfe ne, cikinsa wayam, har mutum na tafiya a ciki. Anya ba ha'inci ba ne wannan?

Amsa: Malam, ba ha'inci ba ne. Samo kwalin man goge baki, ka riƙe bakinsa biyu ka murɗa, za ka ji yana turjewa. To, sa reza ka tsaga gefe ɗaya daga sama har ƙasa, ka sake murɗawa. Sai ya bi hannunka kamar tsumma. Idan tirela ta ɗauko kwantena daga Apapa ta bi gefe guda na gada, ko gadar tana da kwana, nauyin ba danna ta kawai yake yi ba, har da murɗa ta, kuma rufaffen akwati ne ke jure haka. Cika shi da ƙarfe asarar kuɗi ce da ƙarin nauyi, don farantin sama da na ƙasa ne ke shan yawancin wahalar.

Inda gizo ke saƙa shi ne rashin kaurin farantin. Siririn ƙarfe in aka matse shi lotsawa yake yi, kamar gwangwanin madara da aka taka. Shi ya sa ake walda masa haƙarƙari daga ciki, a kuma gitta bango mai kauri daidai inda akwatin ya zauna kan ginshiƙi. A 1970 irin wannan bangon ya gaza a gadar Milford Haven ta Birtaniya, mutum 4 suka rasu. A shekarar ce gadar West Gate ta Melbourne a Ostireliya ta rufta, ta kashe 35. Dukansu ana tsakiyar gini ne. Daga nan Birtaniya ta kafa kwamitin bincike da ake kira kwamitin Merrison, aka sake ƙa'idojin zanen irin wannan gada.

A nan Legas ni tsatsa ta fi damuna. Iskar teku gishiri gare ta, cikin akwati kuma yana gumi, ya ci ƙarfe ba wanda ya gani. Dole mai zane ya bar ƙofar da mai duba zai shiga, da hanyar fitar ruwa, wani lokaci har da injin busar da iska, don in danshi bai kai kashi 60 cikin 100 ba, tsatsa ba ta yin sauri.

Tunda sana'arka ce, ka sani cewa tsagewar da yawan wucewar motoci ke jawowa galibi daga bakin ɗinkin walda take farawa. Ɗinkin da ya yi kyau a ido ma sai an bi shi da na'ura an duba cikinsa kafin a karɓa.