Manyan Baƙaƙe ko Ƙanana: Wanne Ya Fi Karantuwa a Allon Hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai rubuta alluna ne, kuma maigidan da ya koya mini sana'a ya hore ni da cewa allon da za a kafa a bakin titi a rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla, domin su ake hangowa daga nesa. Sai dai na lura cewa a manyan hanyoyin ƙasashe da dama harafin farko kaɗai ake yi babba, sauran kuwa ƙanana. Wanne ne daidai? Sannan yaya zan yi da ɓ da ɗ da ƙ, tunda yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfutata ba su da su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Maigidanka bai faɗi abin banza ba, domin wannan muhawara ta taɓa raba kan masana a Ingila. Lokacin da aka fara gina manyan hanyoyin gudu a can, an danƙa wa wasu masu tsara zane, Jock Kinneir da Margaret Calvert, aikin tsara allunansu, suka ƙirƙiro salon rubutun da ake kira Transport, aka fara gwada shi a hanyar da ta kewaye garin Preston a 1958, sannan tsarin nasu ya game titunan ƙasar daga 1965. Wani gwanin sassaƙa haruffa, David Kindersley, ya tsaya kai da fata a kan manyan baƙaƙe, kuma da aka gwada salon biyu, bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Duk da haka aka zaɓi na Kinneir da Calvert.

Hujjarsu ita ce direba ba ya bin sunan gari harafi bayan harafi. Yana tafe da sunan a ransa, siffarsa kawai yake nema. Ƙananan baƙaƙe suna ba kowace kalma tata sura, domin b da d da k suna miƙewa sama, g da y suna sauka ƙasa, alhali manyan baƙaƙe suna jeruwa kai ɗaya kamar tubali, kowace kalma ta yi kama da 'yar uwarta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka ɗan jinkirin gane kalma yana iya sa mutum ya wuce mararrabarsa, ko ya taka birki a inda bai kamata ba. A ganina, duk allon da ke ɗauke da sunayen wurare ko bayani mai kalmomi da yawa, a haɗa babba da ƙanana. Kalma guda ta umarni kuwa, irin wadda ke kan jan allon tsayawa mai kusurwa takwas, manyan baƙaƙe sun dace da ita, domin launi da siffar allon sun riga sun isar da rabin saƙon.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, girman harafi kaɗai ba ya sa a karanta allo. Tazarar da ke tsakanin haruffa tana da muhimmanci matuƙa, domin haruffan da suka matsu suna narkewa cikin juna idan aka hango su daga nesa, musamman da dare lokacin da fitilar mota ta haska farin rubutu ya yi ƙyalli har ya cike ramukan haruffa irin su a da e da o. Wannan matsala ce ta sa aka ƙirƙiro salon Clearview a Amurka, aka ba da izinin wucin gadi na amfani da shi a allunan hanya a 2004. Haka kuma Adrian Frutiger, da ya tsara haruffan filin jirgin saman Charles de Gaulle a Faransa, ya bar bakunan c da e da s a buɗe domin matafiyi ya gane su ko da a karkace ya kalli allon. Ka guji rubutu mai ado da lanƙwashe-lanƙwashe, ka bar fili a gefunan allon, kuma idan mai aiki ya kawo maka kalmomi ashirin, ka shawo kansa ya rage su zuwa biyar ko shida.

Batun haruffa masu ƙugiya kuwa, ina roƙonka kada ka yar da su. Allon da ya kamata ya ce "Ɗakin Baƙi" idan aka rubuta shi "Dakin Baki" ya bar mai karatu yana laluben ma'ana, kuma yaran da ke koyon karatu daga abin da suke gani a titi za su ɗauki kuskuren a matsayin daidai. Akwai salon rubutu na kyauta da ke ɗauke da waɗannan haruffa, irin su Noto Sans na Google da Andika na SIL, wata ƙungiya mai nazarin harsuna. Idan da buroshi kake aiki, ka fito da ƙugiyar sosai, kaurinta ya yi daidai da na jikin harafin, sannan ka ja da baya zuwa inda masu wucewa za su riƙa hango allon, ka tabbata ƙ ba ta koma k ba kafin ka miƙa aikin.