Ciwon baya bayan dashen hanta: sanyi ne ko ƙashi ya tsage?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekararsa 54, an yi masa dashen hanta a Indiya wata biyar da suka wuce. Makon jiya ya sunkuya zai ɗaga bokitin ruwa sai bayansa ya riƙe, har yau a zaune yake salla. Wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce a kai shi wurin mai ɗori. Yaya za mu yi? Daga wata uwargida a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori, kada kuma a bari kowa ya danna masa bayan. A yi masa hoton ƙashin baya cikin makon nan, domin abin da na fi zargi shi ne ɗaya daga cikin ƙasusuwan gadon bayansa ya tsage ya lotsa.

Za ki ce ai bai faɗi ba. Haka abin yake zuwa. Tun kafin dashen, ciwon hanta ya daɗe yana cin ƙashinsa a ɓoye, don hanta ce ke fara sarrafa bitamin D, wanda sai da shi jiki ke tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci. Ga rama, ga doguwar kwanciya. Bayan aikin kuma sai a ɗora mutum kan prednisolone da tacrolimus don kada jiki ya ƙi sabuwar hantar. Prednisolone na hana ginin sabon ƙashi, yana kuma sa kalsiyam fita ta fitsari. Shi ya sa ƙashi ya fi saurin zaizayewa a wata uku zuwa shida na farko, ya zama kamar itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, amma tari mai ƙarfi ko sunkuyawa kan iya tsaga shi. Gadon baya da haƙarƙari suka fi shan wahala, galibi a shekarar farko.

Duk da haka, ko kwana ɗaya kada ya daina shan magungunan dashen. Likitansa ne kaɗai zai rage su. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne maganin kemis: diclofenac da ibuprofen, in suka haɗu da tacrolimus, ƙoda suke illatawa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma a nisance su.

Bayan hoton, ku nemi gwajin ƙarfin ƙashi da ake kira DXA. In maki ya kai -2.5 ko ƙasa da haka, ƙashin ya yi rauni sosai. A auna bitamin D da lafiyar ƙoda. Babba na buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, daga abinci da ƙwaya. Madara, ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, riɗi da zogale duk suna taimakawa, amma nonon da ba a tafasa ba haɗari ne ga wanda aka rage wa garkuwar jiki. In an tabbatar da tsagewa, akwai magungunan ƙarfafa ƙashi: alendronate da ake sha sau ɗaya a mako, ko zoledronic acid da ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara. Kafin a fara, likitan haƙori ya duba bakinsa.

Ya bar ɗaukar kaya da hawa acaɓa, kin san ramukan titunan Legas. In ciwon ya lafa ya riƙa tattaki da hantsi. A gyara santsin banɗaki. Ƙashi kan fara farfaɗowa bayan an rage prednisolone, sai dai a hankali, cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Amma in ƙafafunsa suka fara rasa ƙarfi ko mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi ya shigo, kada ku jira gari ya waye. Ku wuce sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ko Asibitin Ƙashi na Igbobi, da takardun Indiya da duk magungunansa a hannu.