Katakon Turai da miliyan 30 a hannun ɗan yaya

Tambaya: Shekara 14 ina sayar da katako a Sakkwato. Ɗan yayata da ke zaune Suwidin ya ce katakon fayin (itacen pine na ƙasashen sanyi) yankakke na da araha can, in tura masa naira miliyan 30 ya loda mini kwantena, riba ninki biyu. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, sau biyu na karanta saƙonka ina neman inda ka ambaci takarda, ban gani ba. Babu sunan kamfanin da zai sayar, babu takardar farashi, babu yarjejeniya, sai "ɗan yayata ya ce". Cinikin biri a sama ke nan.

Yaron bai yi ƙarya kan katakon ba. Suwidin da Finlan da Kanada da Rasha na cikin manyan masu fitar da shi, Masar ma jirgi-jirgi take saye. Amma masu wannan harka da mita kubik suke ciniki, kuma kafin a biya ko sisi an rubuta darajar katakon, kaurinsa, tsawonsa da yawan danshin da ya rage a jikinsa. Falanki biyu awo ɗaya, kuɗinsu ya bambanta saboda yawan ƙulli. Ɗan yayarka ya san wannan, ko dai ya leƙa shago ne ya ga farashi ya buga lissafi a waya?

Na san wani bawan Allah da ya tura wa ƙanin matarsa kuɗi haka. Yaron bai ci ko kwabo ba, ka lura. Kaya suka iso tashar jiragen ruwa ta Apapa da sunan da ba na mai kuɗin ba, ba a buɗe Form M, takardar izinin shigo da kaya, a banki ba tun farko. Kwantena ta yi watanni a tasha kuɗin jinkiri na hawa kullum. Da aka samu aka fitar, rabi ya yi baƙi don ba a busar da shi sosai ba. Wa zai kai ƙara? Ƙanin uwar 'ya'yansa? Har yau ba sa haɗuwa a wurin suna.

Batun ninki biyu kuwa, ka daina. A Amurka farashin katako ƙafa dubu a awonsu ya haura dala 1,600 a Mayun 2021, kafin Agusta ya ƙare bai kai kashi ɗaya cikin uku na haka ba. Dala da ke wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Ga kwastan, ga tirela daga Legas zuwa nan, tafiyar kilomita kusan 1,000. Ga kuma gara, wadda ba ta ɗaga wa fayin ƙafa in ba a sa masa magani ba. Kafintocinmu da suka saba da afara da obeche na Kudu sai ka sha baki kafin su karɓa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware dangi ba. Ka ce wa yaron ya haɗa ka da kamfanin kai tsaye. Su aiko takardar farashi da sunanka, kuɗi su bi ta banki zuwa asusun kamfanin, shi kuma a yanka masa ladan dillanci a rubuce. In ya ji haushi ya ce ba ka yarda da shi ba, bar kuɗinka inda suke. In takardar ta zo, kawo mu zauna mu fitar da nawa tubaifo ɗaya, katako mai inci biyu da huɗu, zai tsaya maka a shagonka.