Amsa kan bakteriyar taki da mutuwar dashen tumatir

Ɗan'uwa, ka ce dashenka na tumatir yana kwanciya a fangalin reno, gindin ya tsuke ya yi baƙi kamar an ɗaure shi da zare, kuma an faɗa maka bakteriyar da ke cikin ruɓaɓɓen taki tana maganin haka. Maganar tana da tushe, amma bari in ba ka abin da ya same ni kafin ka kwashi taki ka zuba.

Karon farko da na gwada, takin bai nuna ba. Ka tura hannu cikin tsibin ka ji zafi, ga wari mai hawa ka. Na yi gaggawa na cakuɗa shi da ƙasar reno, cikin mako guda dashen ya zube fiye da na baya. Laifina ne. Ɗanyen taki abinci ne ga Pythium, ɗaya daga cikin ƙwayoyin cuta masu kayar da dashe, ga kuma amoniyar da ke ƙona saiwa.

Yadda abin yake, tsibin taki yana ɗaukar zafi har digiri 55 zuwa 65, zafin nan ya kashe mafi yawan cututtuka da irin ciyawa. Amma fa yana kashe bakteriya masu amfani da dama. Bacillus subtilis ne ke tsira cikin sauƙi, don yana ƙulle kansa cikin ƙwanso ya yi lamo har zafin ya wuce. Sauran, irin su Pseudomonas, sai tsibin ya huce suke dawowa su yaɗu. Shi ya sa makonnin da za ka bar takin yana hucewa da ɗan danshi su ne gishirin aikin. Idan ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, to ya yi. Ƙanshin nan ma aikin bakteriyar Streptomyces ne, dangin da aka samo maganin streptomycin daga cikinsu a 1943.

Su kuwa bakteriyar nan masu amfani, faɗansu da cuta a bakin saiwa suke yi. Suna rigan cuta cinye abincin da saiwa ke tsattsafowa, Pseudomonas yana kame sinadarin ƙarfe ya hana ta, Bacillus kuma yana fitar da sinadarai irin su iturin masu huda jikin fangas. Ka ga duk wannan sai sun riga cuta zama a wurin. Dashen da ya riga ya kwanta ba zai tashi ba, cire shi ka jefar nesa.

Ni yanzu kashi ɗaya na taki nake haɗawa da kashi uku na ƙasa, mako guda kafin in watsa iri, ban ruwa kuma da safe kawai. Kada ka bari takin ya bushe ƙarau a buhu cikin rana, rundunar taka ce ke mutuwa. Wata shekarar kuma za ka yi komai daidai amma Rhizoctonia, wani fangas mai kayar da dashe, ta ƙi ji, don ita ba kowane taki ke iya ta ba.

Idan kuwa manyan tumatir ne ke yaushi alhali ganyen kore shar, yanki karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. Ka ga farin abu yana saukowa kamar hayaƙi, Ralstonia ce, bakteriya mai sa tumatir yaushi, wannan sai canjin shuka a wurin. Turo mana hoton gindin dashen mu gani.