Kakana Ya Je Yaƙin Bama, Ta Ina Zan Fara Neman Tarihinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A gidanmu ana cewa kakanmu ya yi soja zamanin Turawa, har ya je yaƙin Bama. Ya rasu ina ƙarami, abin da ya bari kawai wata lambar yabo ce mai siffar tauraro. Ta yaya zan san rundunarsa da inda ya yi yaƙi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan tsoho. Tauraron nan, in zarensa ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, to lambar yaƙin Bama ce, wato wanda aka yi a ƙasar Burma (Myanmar a yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai kada ka wahala wajen juya ta, Ingila ba ta buga sunan soja a jikin irinta ba.

Abin da za ka nema shi ne lambar aikinsa. Ta sojan Nijeriya takan fara da haruffan NA, kuma tana cikin littafin sallama da aka ba su da aka rushe rundunonin, galibi a 1946. Ka bincika adakar kakarka da tsofaffin takardun gida, ka tambayi gwaggonninka tun suna raye. Na nace a kan lamba ne domin suna kaɗai yaudara yake yi. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa garinsu, sai ka iske Audu Kano ko Musa Katsina rututu, ga rubutun Bature da ke mai da Garba ya koma Garuba. Wasu kuma sun gudu ne daga gida suka shiga da sunan aro.

Sojojinmu sun tafi cikin runduna biyu ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1943, wato ta 81 da ta 82. Ta 81 ta fafata da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta yankin Arakan, suka haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Wata birged ta 'yan Nijeriya kuma aka ware ta cikin dakarun Chindit da aka sauke ta jirgin sama a bayan abokan gaba. Sunan da barikin Chindit na Zariya ke ɗauke da shi ke nan, shi kuma barikin Dalet na Kaduna sunan wani wuri ne a yankin Arakan. Saboda haka duk sunan wurin da tsoho ya riƙa ambata a hira, ko da ya karkace a bakinsa, rubuta shi. Kuma kada ranka ya ɓaci in ka gano ɗan dako ne ba mai bindiga ba. A dajin da mota ba ta shiga, a kansu aka ɗauki abinci da harsashi.

Daga nan sai ka leƙa ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, Nigerian Legion, na jiharku, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke. Rahoton yau da kullum na bataliyoyi yana gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew, a Landan, amma hafsoshi Turawa ya fi ambata. Amfaninsa shi ne, in ka san bataliyar, zai nuna maka inda take a kowace rana.

In akwai ɗan'uwansa da ya tafi bai dawo ba, wannan ya ma fi sauƙin samu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta zuba sunayen a intanet kyauta, har da na mutum kusan 27,000 da ba a ga gawarsu ba, waɗanda aka sassaƙa sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama. Ka gwada sunan ta kowace irin rubutawa, in ka samu lambar ka aiko mini mu duba tare.