Asalin ƙungiyar makaɗan BBC da irin kiɗanta

Malam, ka tambayi tarihin BBC Symphony Orchestra da abin da take kaɗawa. A Landan aka kafa ta a 1930, Adrian Boult ya jagorance ta har 1950. Lokacin yaƙin duniya na biyu, tsoron ruwan bama-bamai ya sa aka kwashe ta zuwa garin Bristol, sannan zuwa garin Bedford da bama-baman suka kai Bristol.

Ƙarfinta yana wajen sabon kiɗa, musamman zamanin da Pierre Boulez ya jagorance ta, 1971 zuwa 1975. BBC ke biyan albashi, don haka tana iya ɗaukar aikin da ba zai cika zaure ba. Sai dai irinsa yana cin atisaye. In aka gajarta, masu goge da masu busa sukan saɓa. Ƙungiyar ce ke buɗe Proms, bikin kiɗa da BBC ke shiryawa duk shekara a Landan, ita ke rufewa.